Rakiyar Masu Duba Makarantun Yara daga Danja zuwa Malumfashi

Tun da na dawo 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon taki suka hana ni sakat. Wannan ya ce, "Sallau, da gaske ne a otal ka kwana?" Wancan ya ce, "Wai an ce zakara ya tona maka asiri a Funtua?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda na ba shi, gobe sai in ji shi a bakin wani ya ƙara gishiri da barkono. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in ci gorona. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na shiga, kuma ko a wancan yaƙin ba ni ne na yi nasara ba.

Tafiyar ba mai nisa ba ce. Danja, Funtua, Maska, Malumfashi, garuruwan da na sani tun ina kai rake kasuwa. Amma mutanen da na bi, wata ƙabila ce daban. Ba su cin abincin mutane, ba su karɓar kyauta, in ka tambaye su ba su amsawa, kuma sun fi son a ce ba su da dangi a duniya.

Ga yadda aka yi. 'Yata Hajara ta yi shekara da shekaru tana koyarwa a wata makaranta da albashi ke zuwa ran da ya ga dama. Sai Allah ya taimake ta, wani ofis da ke ba makarantun ƙananan yara takardar shaida ya ɗauke ta aikin dubawa. Makarantun nan na yaran da ba su gama iya ɗaura wando ba. A je a duba, in sun cika sharuɗɗa a ba su takarda su liƙa a bango, iyaye su yarda su kawo 'ya'yansu. Wannan ce fitarta ta farko, kuma ta gwaji ce. An haɗa ta da wani babba a aikin wanda zai rubuta rahoto a kanta. In ya yaba, aiki ya tabbata. In ya kushe, ta koma jiran albashin da ba ya zuwa. Mijinta yana tsakiyar yankan masara, ya ce ba za ta hau hanya ba muharrami ba. Aka duba gida kaf, aka rasa wanda ba shi da aikin yi sai ni.

Muka shiga bas daga Danja, ni a matse tsakanin kwandon tumatir da wani mutum mai tari. A tashar Funtua muka tarar da babban nata, Malam Habu. Siriri ne, da tabarau, da takalmi sau-ciki, da gorar ruwa rataye a kafaɗa kamar mai shirin ƙetare hamada. Ya gaishe ni da ladabi, ban ƙi ba. Kafin in gama tambayarsa mutanen gida ya zaro wani ɗan littafi.

"Baba, tunda za ka bi mu, dokokinmu sun hau kanka. Makarantar da za mu duba, ba mu cin abincinta, ba mu shan ruwanta. Kyauta ko ta allura ce ba mu karɓa, iyalanmu ma ba su karɓa."

Na ce, "To, Yallaɓai. Azumi ne ashe. Da an gaya mini da na yi sahur."

Bai yi dariya ba. Ya ci gaba. Wai ba su ba da shawara. In mai makaranta ya ce me zan gyara, sai su ce ba a ba su izini ba. Wanda ya taɓa ba makaranta shawara ba zai duba ta ba, wanda ke duba ta ba zai ba ta shawara ba. Kuma mai dubawa ba ya duba makarantar ɗan'uwansa.

Na ce, "Malam Habu, likitan da zai taɓa cikinka ya rubuta a takarda ya tafi bai gaya maka ciwonka ba, a garinku me ake kiransa?"

Hajara ta taka mini ƙafa. Ta raɗa mini, "Baba, don Allah. Aikina ne."

Daga Funtua muka hau babura zuwa Maska. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni, ina jin a gidan haya ya koyi tuƙi, don ko rami ɗaya bai bari ya wuce ba mu gaisa ba. Makarantar ta wani Alhaji ce mai sayar da hatsi. Kana shiga ka san an kwana biyu ana shiri. Fenti bai bushe ba, ya ɗebi gefen babbar rigata. An shafe yara da mai suna ƙyalli kamar soyayyen ƙosai. Kayan wasa kuwa ko daga leda ba a cire su ba, kuma wani yaro da ya miƙa hannu zai taɓa, malamarsu ta harare shi har ya manta abin da ya kawo shi duniya.

Nan na ga aiki. Malam Habu, mutumin da aka ce digirinsa biyu, ya tsuguna yana auna tsawon kujera da igiyar tela. Ya tashi ya je ya leƙa masai, ya daɗe yana kallo kamar ya jefar da wani abu a ciki. Ya ƙirga tagogi. Hajara ta zauna a ƙasa cikin yara tana kallonsu, tana rubutu. Alhaji yana bin su a baya yana murza hannu.

"Ranka ya daɗe, me kuka gani? Me zan gyara?"

"Alhaji, ba mu da izinin ba da shawara. Ofis zai aiko maka a rubuce."

Abu ɗaya kawai ya buɗe baki ya faɗa, rijiyar tsakar gida da ba ta da murfi. Ya ce a rufe ta a take, wai wannan maganar rai ce. Sauran duk ya haɗiye.

Da azahar aka fito da abinci. Dambu ne da zogale, an zuba man gyaɗa da ƙuli, ga kaza a kai ta yi ja. Malam Habu ya ce, "Mun gode, mun ƙoshi." Ya zaro biskit daga jaka ya kora da ruwan gorarsa. Na ga fuskar Alhaji ta canza. A garinmu wanda ya ƙi cin abincinka, ko dai yana zargin ka da sammu ko yana shirin kai ka kotu. Ni dai na bi dambun nan da kallo har aka mayar da shi cikin gida.

Don in huce sai na koma gindin bishiya, inda na tarar da yayan Alhaji a zaune. Kun san halina. Na ce ɗan wane ne kai, ya faɗa. Na ce gidan su wane na bakin kasuwa, ya ce nan ne. Kafin a yi la'asar mun gano gwaggonsa ta yi aure a Danja, a gidan da suka haɗa katanga da kawuna. Mutum ya yi murna, ya shiga gida ya fito da zakara ja, ya ce in kai wa iyali. Me zan ce? Ni ba mai dubawa ba ne, ban auna kujerar kowa ba. Na ɗaure ƙafafunsa na tura shi cikin babbar riga.

Zakaran nan ya yi mini biyayya tun daga Maska har Funtua. Sai da muka sauka daga babura, Malam Habu yana gyara tabarau, sannan ɗan banzan ya leƙo ta wuyan rigata ya yi cara.

Ban taɓa ganin fuskar Hajara haka ba. Malam Habu bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Baba, za a mayar da shi yanzu. Wannan karon ba zan rubuta ba. In aka sake, zan rubuta."

Haka na sake hawa babur na koma Maska da zakara a hammata. Tun kakan kakana ba a taɓa mayar da kyauta a gidanmu ba. Da na miƙa wa mutumin, ya dube ni ya dubi zakara ya ce, "Ya yi ƙanƙanta ne, Malam? Akwai talo-talo." Na yi ta yi masa bayanin doka, yana gyaɗa kai irin na wanda ya gama yanke hukunci cewa mutanen Danja ba su da tarbiyya.

Ga maganar masauki. Ina da ƙane a Funtua, gidansa da ɗakin baƙi, matarsa ta iya tuwon masara miyar kuɓewa. Na ce mu sauka can. Malam Habu ya tambayi sana'ar matar, na ce tana koyar da ƙananan yara. Ya ce a'a, wata rana ana iya tura su duba makarantar da take koyarwa. Wata rana! Saboda wata rana aka kai ni otal. Ɗaki ne wanda aka gina masai a cikinsa, taku biyu daga gado, kuma a nan aka kawo mini abinci. Abincin ma taliyar yara ce da ƙwai, irin wadda jikokina ke kuka a kanta. Katifar ta yi laushi har na ji kamar ina nutsewa a fadama, na sauko na shimfiɗa sallaya a ƙasa. Wanda ya ce na ji daɗin otal, Allah ya kai shi.

Da safe wajen mai shayi Hajara ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Baba, saura makaranta ɗaya, a Malumfashi. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka tambayi kowa ɗan wane ne shi."

"To in gaisa da mutum yaya? Kamar Bature?"

"Ka ce sannu, ka yi shiru. Kai in aka bar ka da mutum rabin sa'a sai ya zama ɗan'uwanmu."

Na ce ai ba ni na haife su ba, samun su nake yi. Amma na ga idonta ya kawo ruwa, sai na yi alkawari.

Muka ɗauki ƙaramar mota ta hanyar Bakori. Masara ta bushe a gonaki hagu da dama, ana ta lodi. A wani shinge aka tsayar da mu aka ce kowa ya nuna kati. Na miƙa katin zaɓena. Jami'in shingen ya kalli hoton ya kalle ni ya ce, "Baba, wannan kai ne?" Na ce, "Ni ne, ɗana, ran nan ciwon haƙori nake." Ya ce in wuce, amma in daina nuna wa yara. A motar akwai wata tsohuwa Bamagujiya da ƙullin daddawa a cinya, ta cika motar da ƙamshi. Malam Habu ya toshe hanci da hankici. Ta tambaye ni aikinsa, na gaya mata. Ta auna shi da ido sama da ƙasa ta ce, "Shi ya sa ya rame." Ina son in tambaye ta 'yar wane ce, na tuna alkawari, na cusa goro a baki.

Makarantar tana bayan gari. A takardarsu an rubuta sunan mai ita Hajiya Zulaihatu. Aka ajiye ni a benci a tsallaken hanya, kusa da mai rake, aka ce kada in motsa. Suka nufi ƙofa. Wata mata mai jiki da tabarau ta fito tarbarsu, malamai biyu a bayanta. Malam Habu ya faɗi wani abu, sai ta yi dariya.

Dariyar nan na san ta.

Lokacin da nake lebura a gidan gurzar auduga a Funtua, muna haya gida ɗaya da wani ma'aikaci da matarsa Talatu. Da aka haifi Hajara, uwarta Ladi ta kwanta ciwon nono, jaririya tana ta kuka ba abin sha. Talatu tana goyo a lokacin. Ita ta ɗauke ta ta haɗa da nata ɗan, ta shayar da ita wata da watanni. Daga baya aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, muka rabu, ba waya a zamanin. Hajara ta san labarin, ta san sunan Talatu, amma ba ta san fuska ba. Mu kuma ba mu taɓa sanin Zulaihatu ne sunanta na yanka ba.

Na yi lissafi irin nawa. Na ce in na yi shiru, ba wanda ya sani. Su shiga su auna kujerunsu mu tafi, aikin yarinya ya tsira. Na jawo hula har gira, na naɗe fuska da gefen riga, na sayi rake na juya wa hanya baya.

Abin da na manta shi ne, Talatu ba Malam Habu ba ce. Ina ji ta ce, "Malama, ke kaɗai kika zo cikin maza?" Hajara ta ce mahaifinta ne ya rako ta, yana can. "Mahaifinki? A bakin titi kamar wanda aka kora? Haba!" Malam Habu yana cewa Hajiya ai doka, ita kuwa ta riga ta tsallako da kofin ruwa a hannu.

Ta durƙusa. "Baba, sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Na shaƙe murya na ce, "Lafiya lau," ina kallon bango.

"Ga ruwa."

Na ɗaga hannu in nuna na gode. Hannun dama, wanda injin auduga ya cinye wa ɗan yatsa. Ta bi hannun da kallo. Ta sa hannu ta janye rigar daga fuskata kamar mai buɗe tukunya.

"La'ilaha illallahu! Malam Sallau! Kai ne kake ɓoye mini fuska, tsohon banza? Ina Ladi?" Kafin in amsa ta juya ta kalli ƙofar makaranta. "To wannan... Hajo ce? Hajo ce ta zama haka?"

Ta rangaɗa guɗa. Ta tsallaka titi da gudu, mai jiki da ita, ta rungume Hajara tana kuka tana dariya. Malamai sun fito, yara sun fito, mai rake ya bar rakensa. "Jama'a ku zo ku ga 'yata! Nonona ta sha! A bayan nan na goya ta!"

Malam Habu ya cire tabarau ya goge. Ya tambayi Hajara ko ta sani, ta rantse ba ta sani ba. Ya juyo kaina. Na ce na gane ta tun daga dariya.

"Ka yi shiru?"

"Ai ku kuka ce in yi shiru."

Ya ce, "Baba, da mun shiga ta sa hannu, daga baya maganar ta fito, da aikinta ya tafi, takardar makarantar ma an janye." Na ji raken bakina ya koma ɗaci. Ya zaro littafinsa ya yi ta buɗawa. Ya karanta uwa, uba, miji, 'ya'ya, yayye da ƙanne, surukai. Ya koma farko ya sake bi. Can ya ce, "Ba a rubuta uwar shayarwa ba."

Ina fa za a rubuta? Waɗanda suka tsara littafin, da madarar gwangwani aka raine su.

Talatu ta share hawaye ta ce, "To alhamdu lillahi, ku shigo. Tun bara nake jiran ranar nan. Iyaye sun ce in ba takarda bana za su kwashe yaransu." Ni ma na ce a shiga, tunda littafi ya wanke mu. Malam Habu ya juya yana kallon Hajara, biro a hannu.

Hajara ta matso kusa da shi. Sannan ta miƙa masa takardunta. Ta ce, "Malam, a littafi babu. Amma ɗanta ba zai iya aurena ba, kuma duk wanda ke tsaye a nan ya ji abin da ta ce. Uwata ce. Ba zan duba ba."

"Kin san mutum ɗaya ba ya dubawa? In kin janye, sai an sake turo wasu. Kuma ban san yadda ofis zai ɗauki wannan ba."

"Na sani."

Talatu ta saki baki. "Hajo, ni za ki yi wa haka? Da na sani da nonon akuya na ba ki!" Ta juyo kaina. "Kai kuma da ka zauna a Danja da duk wannan bai faru ba!" Ban musa ba. Mutum biyu suka yi fushi da ni a wuni ɗaya kan laifi biyu masu karo da juna, ɗaya don na yi shiru, ɗaya don na zo.

Malam Habu ya koma gefe ya yi ta waya. Da ya dawo ya ce za a turo wasu bayan an gama kaka. Talatu ta zauna a dakali ta yi tagumi. Can ta ɗago ta ce, "To tunda ba mai dubawa ba ce yanzu, 'yata ce, ta iya gaya mini abin da zan gyara?" Ya sake buɗe littafi, mutumin nan ko atishawa zai yi sai ya duba shafi. Ya ce ta iya, muddin ba da sunan ofis ba, ba ta yi mata alkawarin takarda ba, kuma har abada ba za ta duba makarantar ba. Shi kuwa ya koma benci wajen mai rake don kada kunnensa ya ji.

Hajara ta shiga. Ta ce yara sun yi yawa a aji ɗaya. Ta ce allon ya yi musu sama. Ta ce a ajiye bulalar nan, a kawo ruwan wanke hannu kusa da masai, a bar yara su yi wasa, haddar ta isa haka. Tun Talatu tana cewa to, har ta koma cewa hm. Da aka zo kan kicin ta ce, "Ke Hajo, da ma shirun kika yi irin na ogan naki."

Muka dawo Danja ba wanda ya san matsayin aikin. A mota Hajara ba ta yi mini magana ba sai da muka wuce Bakori, shi ma cewa ta yi in janye gwiwata. Kwanakin da suka biyo baya ko majalisa ban iya zama sosai ba. Uwarta Ladi kuwa ta samu abin yi, safe da yamma tana tambayata ko akwai sauran aikin 'ya'yanta da nake son in raka.

Ran wata Laraba ina gyaran fartanya a zaure sai ga Hajara. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Baba, an tabbatar da ni. Malam Habu ya rubuta cewa na janye da kaina, kuma za a ƙara uwar shayarwa a littafi." Na yi hamdala, na ce ashe siririn nan yana da amfani.

Ta ce, "Amma ya rubuta cewa mahaifina yana da dangi a ko'ina daga Funtua har Malumfashi. Don haka sun mayar da ni shiyyar Daura."

Na ce, "Daura? Ai kuwa akwai..." Na kama bakina.

Ta dube ni. Ta ce, "Baba, in akwai, faɗa mini yanzu. Duka. Kada ka bar ko ɗaya."

Na ce, "Kin ɗora tukunya a gida?"

Ta ce ta ɗora.

"Aika a sauke."

Ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Na ajiye fartanya, na gyara murya, na fara daga ƙanwar kakata.